Komawa Gidan Jiya: Me Ya Sa Labarin Musalsal Ba Ya Gaba?

A kan waya ɗaya rigimar ta tashi, a ƙarƙashin rakubar gidanmu a nan Gallabat, wani dare bayan isha'i. Mu shida muka kewaye ta, an jingina ta da gwangwanin sukari a kan tabarma. Ana tsakiyar kallo sai ɗan yayata, saurayi ɗan shekara 19 da yaƙi ya raba da karatunsa a Khartum, ya miƙa hannu ya tsayar da hoton.

"Kawu, don Allah mutanen nan ba raina mana hankali suke yi ba?" in ji shi. "Shekara nawa ana abu ɗaya? A yi faɗa, a taru a yi sulhu, bayan mako biyu a sake sabon faɗa a kan tsohuwar magana. Wanda ya tuba a wannan zango, zango mai zuwa ya koma ruwa. Ni kam na gama da Daɗin Kowa."

Gwaggo ko ɗaga kai ba ta yi ba daga jabanar da take zubawa. Ƙanwar mahaifina ce, ta zo mana daga Madani a Disamban 2023 da jaka ɗaya da jikoki biyu. Cewa kawai ta yi, "In ka gama, ɗan nan, tashi ka ba mu wuri. Sakar mana abinmu."

Aka yi dariya, aka ci gaba da kallo. Amma gaskiya a daren nan bayan yaron na goya a zuciyata, domin abin da ya faɗa na daɗe ina jin sa. Ka bi shiri shekara uku, ka ga an kai matsala har bakin warwarewa, ka gyara zama, sai a wayi gari an koma 'yar gidan jiya. Tun daga ranar nake juya maganar, kuma na gano cewa abin ya wuce lalacin marubuta, ko da yake wani lokacin akwai lalacin a ciki.

Ga mai karatun da ba a wannan yanki yake ba, bari in ɗan faɗi yadda abin ke iso mana. Mu nan musalsal muke cewa, kamar maƙwabtanmu Larabawa; a Kano kuwa fim mai dogon zango suke kiran sa. Mafi yawanmu ba a talabijin muke gani ba. Akwai samari a kasuwa masu shagon cajin waya, su ke sauko da shi daga YouTube su tura maka a memori, ka biya su ɗan abin da ya sauƙaƙa. Lokacin da layukan waya suka ɗauke a faɗin ƙasa a Fabrairun 2024, bakin kwarin da ya raba mu da Matamma yara suke zuwa su tsaya, suna ɗaga waya sama ko za ta kamo layin Habasha. Na ga wanda ya yi haka don ya ji ko mahaifiyarsa tana da rai, na kuma ga wanda ya yi don ya sauko da sabon kashin Labarina. Wani lokacin ma mutum ɗaya ne.

To me ya sa labarin ba ya gaba?

Kowane musalsal yana da abin da zan kira irinsa, kamar irin shuka. Manomin riɗi a ƙasar Gadarif ya san komai tsananin yunwar bazara ba a taɓa buhun iri. A sayar da sauran, a ci sauran, amma wannan buhun shi ne gonar baɗi. Irin musalsal shi ne matsalar da aka gina shi a kanta tun ranar farko. Ɗauki Gidan Badamasi, wanda Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, aka fara nuna shi a Arewa24 a 2019. Tsoho ne mai dukiya, hannunsa a dunƙule, ga 'ya'ya rututu, kowa da halinsa, kowa ya zuba wa dukiyar ido. Duk dariyar da muke yi daga wannan ramin take fitowa. Ranar da Alhaji Badamasi ya tara su ya ba kowa abin da zai ishe shi, suka yi godiya suka watse, ranar an cinye buhun iri. Mako mai zuwa me za a nuna mana? Mutane masu wadatar zuci suna gaisawa? Saboda haka dole marubuci ya riƙa kawo kuɗin kusa da hannunsu, har su ji ƙamshinsa, sannan ya janye. Mu kuma mu yi tsaki, mu ce wannan tsoho ba shi da imani, mu jira kashi na gaba.

Kwana Casa'in ma haka ne, sunan kaɗai ya isa abin dariya. Kwana casa'in wata uku ne a lissafin kowa, amma shirin da aka fara a 2019 ya ci shekaru ana yi. Jihar Alfawa da aka ƙirƙira dominsa ba za ta taɓa gyaruwa ba. A yi zaɓe, a canza gwamna, a kama wani, a saki wani, irin su Bawa Maikaɗa su faɗi su tashi, amma ranar da asibitin Alfawa ya cika da magani kuma ɗan siyasa ya daina saye da sayar da mutane, ranar 'yan wasan za su nemi wata sana'a.

Wannan dabara ta girmi Kannywood nesa ba kusa ba. Dattawanmu da suka saba kamo Rediyon Kaduna a gajeren zango suna tuna Samanja Mazan Fama, wasan marigayi Usman Baba Pategi, tsohon soja, wanda ya rasu a Nuwamban 2023. Shekara da shekaru yana yi a rediyo da talabijin, kuma samanja ya fara, samanja ya gama. Da an ƙara masa girma ya koma ofis, wa zai riƙa daka wa kurata tsawa da wannan gwamutsattsiyar Hausa tasa ta bariki?

Kafin Samanja kuwa akwai Gizo. Gwaggon nan da ta kori ɗan yayata daga tabarma ita ta raine mu da tatsuniya idan mun je hutu Madani. A daren Litinin Gizo ya sha dukan kawo wuƙa saboda kwaɗayi, an tona asirinsa gaban sarki, ya gudu da kunya. A daren Talata ga shi garau, da yunwarsa da wayonsa, Ƙoƙi na gefe tana haƙuri, kamar ba a yi komai ba. Ban taɓa jin yaron da ya ce, "Gwaggo, ai jiya ya ce ya tuba." Mun san Gizon da ya shiryu ba Gizo ba ne, wani mutum ne kawai mai gona. Maƙwabtanmu ma suna da Juha da jakinsa, ƙarni nawa ke nan bai ƙara hankali ba, bai kuma rage ba.

Abin da ya fi ba ni mamaki da na bi diddigi shi ne, sau da yawa ba marubucin ne ke ƙin canji ba. Mu ne.

A Ingila, Arthur Conan Doyle ya gaji da jaruminsa Sherlock Holmes, mai binciken laifuka, yana ganin ya hana shi rubuta abin da ya fi muhimmanci a wurinsa. A Disamban 1893 ya jefa shi cikin wani magangarin ruwa a ƙasar Suwizalan tare da babban abokin gabarsa, ya kakkaɓe hannu. Masu karatu suka ƙi yarda. Aka yi ta matsa masa, masu mujalla suka yi ta ƙara kuɗi, har a 1903 ya fito da bayanin cewa ai mutumin bai faɗa ruwan ba, ɓuya ya yi. Holmes ya koma ɗakinsa na dā, da abokinsa na dā, aka ɗora daga inda aka tsaya.

A Amurka an yi wadda ta fi wannan rashin kunya. A wani shiri mai suna Dallas an kashe Bobby Ewing a 1985 saboda ɗan wasan ya bar aikin. Aka yi jana'iza, aka yi zango guda cur ba shi. Da aka ga kasuwa tana ja baya sai aka lallaso ɗan wasan, a 1986 tsohuwar matarsa a shirin ta farka daga barci ta same shi yana wanka. Wato duk abin da mutane suka shekara suna kallo mafarki ne ta yi.

Ba sai mun je nesa ba ma. Wane gida ne a Sudan bai san Bab al-Hara ba, musalsal ɗin Siriya da aka fara a azumin 2006? Abu Isam, wanda Abbas al-Nuri ya fito a matsayinsa, shi ne ginshiƙin unguwar a zango biyu na farko. Ɗan wasan ya fita, aka ce mana Abu Isam ya rasu, aka yi makoki. A 2014, a zango na shida, sai ga shi ya shigo unguwa da ƙafarsa. Na tuna a wani kulob ɗin kallo a Gadarif har tafi aka yi, kuma masu tafin su ne waɗanda suka yi ta cewa an mai da su yara. Turawan Faransa da ke mulkin Dimashƙa a cikin shirin kuwa, zango bayan zango ana yaƙar su, sun ƙi tafiya, domin in suka tafi jarumtar mazan unguwa ba ta da wurin zuwa. Masu kallon na Indiya su ma suna da nasu: a Kyunki Saas Bhi Kabhi Bahu Thi, wanda ya yi kashi fiye da 1,800 tsakanin 2000 da 2008, an kashe Mihir a 2001, mata suka tayar da ƙayar baya, aka dawo da shi da cewa mantuwa ce ta same shi bayan haɗari.

Ka ga ke nan, da baki muna neman canji, amma ranar da aka yi mana canjin na gaske sai mu ce an ɓata shiri.

Akwai kuma lissafin kasuwa, wanda mai kallo ba ya gani. Mai rubuta littafi ya san shafinsa na ƙarshe kafin ya kai wa maɗaba'a. Mai rubuta musalsal bai san ranar gamawa ba. Muddin masu talla suna biyan tasha, ko YouTube yana ƙirga masu kallo yana biya, za a ce masa ya ƙaro zango. Mutumin da bai san tsawon tafiyarsa ba kuwa ba ya shanye ruwan gorarsa a zangon farko. Idan ya aurar da masoyan nan biyu a kashi na 20, aka ce masa akwai sauran kashi 80, me zai yi da su? Dole ya kawo kishiya, ko tsohon saurayi, ko uwar miji, ya mai da su inda suke kafin aure, wato suna son juna amma wani abu ya tsaya a tsakani. Shi ya sa za ka ga kwan-gaba kwan-baya, tufka da warwara. Izzar So na Lawan Ahmad, da aka fara sakawa a YouTube a 2020, ya wuce kashi ɗari, kuma duk wanda ya bi shi ya san sau nawa Umar Hashim ya fita daga wani tarko don kawai ya tarar da wani a gabansa.

Sannan canji tsada gare shi. An kama hayar gida, an saba da unguwar da ake ɗaukar hoto, an yi yarjejeniya da 'yan wasa. Ka ce talakan cikin shirin ya yi arziki, to sai ka nemo masa sabon gida da mota da sutura, ka kuma raba shi da mai shayi da maƙwabtan da ake son ganin sa da su. Ya fi sauƙi kuɗin su zo a kashi na biyar, a damfare shi a kashi na tara.

Dalili na ƙarshe a wannan ɓangare Gwaggo ce ta nuna mini shi ba tare da ta sani ba. Tsakanin fitowarta daga Madani, da zaman da suka yi a wata makaranta a Gadarif, da isowarta nan, da ciwon da ta kwanta, ta yi wata huɗu ba ta ga kashi ko ɗaya ba. Ranar da aka fara kunna mata, minti biyar ba a yi ba ta kama zaren. Ta san wanda zai yi ƙarya, ta san wadda za ta kai gulma, ta san Kamaye ba zai rabu da rigima ba. Masu shirin da gangan suke gina shi haka, don wanda ya shigo yau, ko wanda ya ɓace ya dawo, kada ya tsaya a bakin ƙofa yana tambaya. Shirin da komai ke canzawa a cikinsa kowane mako, wanda ya rasa kashi uku ya rasa shi ke nan har abada, kuma tasha ta rasa mai kallo.

Duk da haka ban wanke su gaba ɗaya ba, kuma a nan nake tare da ɗan yayata har yau. Gizo bai taɓa yi mana alkawarin zai canza ba. Tom da Jerry, kyanwa da ɓeran da yaranmu ke kallo, tun 1940 suke guje-guje, ba wanda ya ce mana gobe za a kama wani. Wannan ciniki ne a fili. Inda ake cutar mai kallo shi ne a sa shi kuka da gaske, a nuna masa mutuwa da makara da zaman makoki, ko a nuna masa azzalumi ya durƙusa yana neman gafara da hawaye, a ce masa wannan karon da gaske ne, sannan bayan wata biyu a share kamar rubutun allo. In aka yi maka haka sau biyu, na uku ba za ka ji komai ba. Mutuwa ta zama tafiya ƙauye, tuba ta zama hutun rabin lokaci. Kuma finafinanmu na Hausa suna son a ce suna wa'azi da gyaran tarbiyya. To wane darasi yaro zai ɗauka daga garin da ba a taɓa girbar abin da aka shuka? Abin da ya fi ci mini rai shi ne na mata. Sau nawa aka ɗauki yarinya mai haƙuri aka yi ta gana mata azaba zango bayan zango, domin ranar da ta huta labari ya ƙare? Haƙurinta ya zama saniyar tatsa. 'Ya'yanmu mata suna kallo, kuma ban san me suke ajiyewa a ransu ba.

Magabata sun san wannan matsala, sun kuma san maganinta. A Dare Dubu da Ɗaya, Shaharzad tana jan labari ne domin ranar da ya ƙare wuyanta ne a kan takobi, kuma ban ga bambancinta da marubucin da ke tsoron a rufe masa shiri ba. Amma ita ba labari ɗaya ta yi ta ja kamar danƙo ba. Takan gama wannan, mugu ya ga sakamakonsa, ta buɗe wani kafin gari ya waye. Abubakar Imam ma haka ya yi a Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930: aku yana ba ɗan sarki Musa labari bayan labari don ya hana shi fita, zaman fadar yana nan yadda yake, amma kowane labari na ciki yana da kai yana da gindi. A ganina Aminu Saira ya kama wannan hanya da Labarina, wanda ya fara a 2020. Bayan an sha fama da labarin Sumayya, har jarumar da ta fara hawa sunan ta bar shirin aka kawo wata, daga baya sai aka rufe wancan babi aka buɗe sabon labari da sababbin mutane, su Mainasara, a ƙarƙashin tsohon suna. An riƙe kasuwa, an kuma bar labari ya mutu mutuwar Allah. Wasu sun yi ƙorafi, amma ni na fi ganin mutuncin haka.

In ka lura, canjin da ba a iya warwarewa a musalsal daga waje yake shigowa. Ɗan wasa ya yi fushi ya tafi, ko jaruma ta yi aure, ko ajali ya zo. Nura Mustapha Waye, daraktan Izzar So, ya rasu a Yulin 2022 ana tsakiyar shirin. Rabilu Musa Ibro ya yi shekaru yana fitowa mutum ɗaya a riguna daban-daban, yau ɗan sanda, gobe mai gadi, jibi malami, kullum ya tafka ta'asa kullum ya dawo, har Disamban 2014. Daga nan babu marubucin da ya iya cewa mafarki ne.

Wani dare ina wannan tunani sai na ga abin ya juyo kanmu. Garin nan namu ai shi ma kamar musalsal ne. A nan aka gwabza tsakanin mayaƙan Mahadi da na Habasha a Maris 1889, har Sarki Yohannes na huɗu ya rasa ransa. A nan sojojin Italiya da na Ingila suka yi ta ɓarin wuta a 1940. A zamaninmu kuma sau nawa aka rufe iyaka aka buɗe? A rufe, kasuwa ta mutu, a buɗe, motocin kaya su dawo, leburorin Habasha su tsallako yankan riɗi da kaka, masu canjin kuɗi su koma inuwarsu. Wanda ya zo bayan shekara goma zai rantse ba abin da ya faru. Sai wanda ya zauna ne ya san mai shagon nan ba shi ne na dā ba, ɗansa ne.

Mu kanmu fa? Baturen nan Samuel Baker da ya ratsa Gallabat a 1862 ya tarar Takarir ne ke riƙe da garin, mutanen yamma da hanyar Makka ta kawo. Bayan yaƙin Burmi a 1903 wasu dubbai suka biyo, har aka kafa Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu. Kakana ya rasu a ƙasar nan, a nan aka haifi 'ya'yansa, ya yi gona ya yi gida, amma har ya koma ga Allah in ka tambaye shi sai ya ce shi matafiyi ne, yana kan hanya. Wani masani, Bawa Yamba, ya zauna da mutanenmu a ƙauyukan Jazira, ya rubuta littafi guda a 1995 a kan wannan hali, na alhazan da tafiyarsu ba ta ƙarewa. Ina yaro nakan ɗauka rashin kuɗi ne kawai ya tsayar da su. Yanzu ina zargin akwai wani abu kuma: tafiyar ita ce buhun irinsu. Ita ta gaya musu su wane ne a ƙasar da ake yawan tambayar su daga ina suka zo. Wannan zato na ne, ban ce kowa ya yarda ba.

Na daɗe ban tambayi Gwaggo dalilin korar da ta yi wa yaron ba. Sai wata rana da hantsi, tana tsince wake, na zauna kusa da ita na ce, "Gwaggo, ke ba kya gajiya? Yaron nan fa yana da gaskiya, mutanen nan ba sa gaba."

Ta yi shiru har na ɗauka ba ta ji ba. Sannan ta ce, "Ɗana, unguwarmu ta yi gaba, ai ka gani. Mai kantin kusa da mu yana Kassala. Maƙwabciyata ta shekara talatin an ce tana Masar, wasu sun ce ta rasu a hanya. Liman ban san inda yake ba. Ni yanzu garin da na bari na dawo na same shi yadda yake, kowa a ƙofar gidansa, guda ɗaya ne, yana cikin wayar nan. Shi ne kuke so su ma a watsa su?"

Ban ba ta amsa ba. Na gaya wa ɗan yayata da daddare, shi ma bai ce komai ba, amma daga ranar shi yake zuwa kasuwa ya turo mata sababbin kashi, ya jingina wayar, ya koma gefe da littafinsa. Bai canza ra'ayi ba. Har yanzu yana cewa shirin da ba shi da ƙarshe ba labari ba ne, zaman majalisa ne, kuma shi da yake jiran ranar da za a buɗe masa makaranta ba ya son a riƙa tuna masa da abin da ba ya motsi. Na fahimce shi. Shekara 19 da shekara 70 ba abu ɗaya suke nema a wajen labari ba.

Da hanya ta buɗe a farkon 2025 Gwaggo ta matsa sai ta koma. Muka hana, ta ƙi. Bayan ƙaramar salla na raka ta Gadarif, tafiyar kusan kilomita 150, na sa ta a mota da jikokin. Kwana biyu bayan haka ta kira. Bango yana nan, in ji ta, bishiyar lemun tsami ma tana nan, har ta yi 'ya'ya ba mai tsinka. Ƙofofi babu, gadaje babu, keken ɗinkinta babu, wayoyin wuta an zare su daga cikin bango. A layinsu mai gida goma sha huɗu, gida biyar ne da mutane. Ta lissafa mini waɗanda suka dawo da waɗanda aka tabbatar ba za su dawo ba, da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, muryarta ba ta ko rawa ba. Ta ce an ara mata angarib, kuma wani yaro a layin baya yana da faifan sola, yana yi mata caji.

Har za mu yi sallama sai ta ce, "Af, memorin nan da yaron ya sa mini, na gama na ciki. In ka samu mai zuwa, a turo mini ci gaban. A haɗo da na tsohon nan mai rowa."

Na ce to, Gwaggo.

"Ya raba musu kuɗin kuwa?"

Na ce har inda na tsaya dai bai raba ba.

"Madalla," in ji ta. "A gaida yaran."